Ranar da Idi Ya Karɓi Mikro

Kun sha tambayata abin da ya sa na rufe gidan kallo, ni kuma na sha ba ku amsar da ta fara zuwa bakina. Balkisu na ce mata wayar salula ce ta kashe sana'ar, tunda kowa ya saka sinimarsa cikin aljihu. Mamman na ce masa tsadar esansi ce, wato fetur. Duka biyun akwai ƙanshin gaskiya, amma ba su ba ne. Na kuma san abin da kunnuwanku ke kwasowa a gari, wai ni na ingiza Baffanku Idi ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a don in cika rumfa da 'yan kallo. Ba na so in kwanta dama wannan magana tana rataye a wuyanku. To ga yadda aka yi, iyakar abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji. Inda ban gane ba zan ce ban gane ba, kuma ku yi haƙuri, wuraren suna da yawa.

Manyanku sun san rumfar. Bayan kasuwar Dungas take, zana ce aka kewaye, aka lulluɓe da tampol don a samu duhu da rana tsaka. Tele, wato talabijin, ɗaya babba, benci goma sha biyu, gurup, injin ba da wuta, a waje yana tari, shiga dala biyar. Akwai masu irin wannan rumfa biyu a garin, kuma telensu ta fi tawa kyau, amma tawa ke cika, domin ni ke fassara. Nan zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa ɗan kallo ba: ko kalma ɗaya ba na ji a cikin yarukan finafinan nan. Shekara uku na yi a lakkol, makarantar boko, na gudu. Abin da nake yi, in sabon fim ya zo sai in rufe kaina da safe in kalle shi sau biyu, in lura da wa ke fushi da wa, wa ke son wa, wa zai mutu. Da rana in jama'a sun taru sai in ɗauki mikro in ɗinka wa kowa magana a baki. Har suna nake raɗa musu daga cikin mutanen gari. Mai ƙaton ciki ya zama mahaucin garin Waca, siririn nan mai gudu ya zama ɗan kabu-kabun tasha. Finafinan yaƙi kuwa su ne gonata. In aka harbe mutum yana shure-shure, sai in ce, "Wayyo, ku gaya wa matata kada ta sayar da akuyar nan!" Rumfa ta kwashe da dariya har benci ya kife. Ban taɓa ganin laifin haka ba. Wanda aka harbe yau, jibi ga shi a wani fim yana tuƙa mota.

Don in jawo 'yan kasuwa, na ɗaure wata lasifika a reshen itacen bedin da ke bayan rumfar, duk abin da na faɗa a mikro sai ya fita har bakin tasha. Reshen nan kuwa ya leƙa cikin gidan Inna Hajo, maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da gidanta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kullum da rana tana tsakar gida tana daka, ni ina jin taɓaryarta, ita tana jin shirmena. In mun haɗu a ƙofa sai ta ce:

"Hamza, ni kaɗai ke kallon sinimarka da kunne. Jiya me ya sa ka kashe mahaucin Waca? Bawan Allah bai yi maka kome ba."

Ɗanta Sanusi da ƙanena Idi tare suka tashi, tare suka yi kiwon awaki, tare suka shiga soja, tare aka tura su gabas, wajen tabki, lokacin da yaƙi ya yi zafi. Idi ne ya dawo, da ƙafa ɗaya mai ɗingishi da jakar Sanusi a kafaɗa. Ina zaune a zauren Inna Hajo ranar da ya ba da labari, gaban dattawan unguwa, ita tana bayan ƙofa tana saurare. Ya ce harsashi ɗaya ne, a ƙirji. Ya ce Sanusi bai ko ji zafi ba, ya faɗi da kalmar shahada a bakinsa. Ya ce sun yi masa salla sun rufe shi, ya san wurin. Daga bayan ƙofa muka ji ta ce Alhamdu lillahi, sau uku. Dattawa suka ce wannan mutuwa ce da ake roƙo.

Wannan shi ne dogon zancen da Idi ya yi na ƙarshe. Daga ranar ya rufe baki, wata bakwai cur. Ku da kuka san shi yanzu ba za ku gane girman abin ba, domin ba ku san shi da can ba. Yaron da uwarmu ke cewa ko barci yake bakinsa na motsi, wanda ni kaina, mai cin abinci da baki, ba na iya ja da shi. Sai ga shi zaune gindin katanga, fuskarsa na duban ƙofa, daga hantsi har magariba. Ka gaishe shi ya ce lafiya. Ka tambaye shi ya ce to. Uwarku Rabi ce ta fara lura da maganar ruwa. Ba ya shan ruwa a gaban mutane, ko an miƙa masa sai ya riƙe moɗa har ya ajiye. Amma da yaro zai ce yana jin ƙishirwa, ko daga wani gida ne, sai ka ga Idi ya zabura da ɗingishinsa ya nufi randa. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, na kai shi likita a garin Magariya aka ba shi ƙwayoyin barci. Barcin ya zo, maganar ba ta zo ba. Ni abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni na goya shi, ni na raka shi tasha ranar tafiyarsa, sai aka maido mini da riga ba mai rigar.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa da ke kawo mini finafinai daga ƙetaren iyaka ya miƙo mini wani na yaƙi, ya ce wannan daban ne. Na rufe kaina da safe na kunna. Wallahi daban ne. Babu aktar ɗin nan, jarumin fim, da ke kashe mutum ɗari hularsa ba ta faɗi ba. Yara ne ƙanana, fararen fata, sun yi dukun-dukun da ƙasa, wani na amai cikin hularsa. Ƙarar bindigar ma ba irin wadda na saba ba ce, busasshiya ce, kamar ana karya kara. Na kalla sau biyu ina neman inda zan saka abin dariya, na rasa. Na kalla na uku. A nan dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah zai jarrabe shi. Na ce in Idi ya zauna kusa da ni zai gaya mini sunayen bindigogi da abin da sojoji ke cewa, fassarata ta yi nauyi. Can ƙasan zuciyata kuma na ce, ai maruru sai an matsa shi yake fashewa. Wataƙila in ya ga irin abin da ya gani, bakin zai buɗe.

Da na gaya wa Rabi, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, kana cikin hankalinka kuwa? Wanda wuta ta ƙona shi za ka kai bakin murhu?"

"Ai ba wuta ba ce, hoton wuta ne."

"Kai ka san hoto ne. Shi ka tambaye shi?"

"In na tambaye shi cewa zai yi to."

"To kada garin gyaran gira a rasa ido."

Ban saurare ta ba. Na je na tsuguna gaban Idi na ce gobe kasuwa, ina so ya zo ya taya ni zama. Ya dube ni, ya ce to.

Bayan azahar rumfa ta cika maƙil, har da mutanen ƙauye da suka sayar da wakensu suka shigo da buhunan wofi a hammata. Na zaunar da Idi kusa da ni a gaba, gefen tebur ɗin da ke ɗauke da na'urar sauti. Rabin awa na farko na yi ta lalube, ina jefa abin dariya nan da can, jama'a na dariya rabi-rabi, don su ma sun ji fim ɗin ba irin na kullum ba ne. Idi ya kafa wa tele ido. Na tambaye shi sunan wata bindiga a kunne, bai ko juyo ba. Sai aka zo wurin da na fi tsoro tun da safe. Wani yaro ya fito da gudu zai tsallaka fili, aka same shi a ciki, ya faɗi a tsakiyar rana. Abokansa suna bayan wata rusasshiyar katanga, taku kaɗan tsakaninsu da shi. Rumfa ta yi tsit, ni kuwa shiru a rumfata abin kunya ne a gare ni, sai bakina ya yi abin da ya saba.

"Wayyo tumbina! Furar da na sha da safe duk ta zube!"

Aka yi dariya. Kafin ta lafa na ji hannu ya kama wuyan hannuna, riƙo irin na mai ɗaure bijimi.

"Yaya, ba haka ya ce ba."

Na rufe mikro da tafin hannu na ce, "Kana jin yarensu ne?"

"A'a."

Ya zare mikro daga hannuna kamar yana karɓar wuƙa daga hannun yaro. Ya kai bakinsa, muryarsa ba hawa ba sauka.

"Bai san an harbe shi ba tukuna. Yana zaton tuntuɓe ya yi. Yanzu zai ɗaga rigarsa ya duba."

Yaron cikin tele ya ɗaga rigarsa ya duba. Idi kuwa bai taɓa ganin fim ɗin nan ba, ni kaɗai na gan shi a Dungas.

"Yanzu zai so ya tashi zaune. Ba zai iya ba. Zai ji kunya, zai duba ko an gan shi."

Haka aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Idi na gaba, fim na biye da shi. Har yau ina tambayar kaina yadda mutanen wata ƙasa, da ba su taɓa jin sunan garinmu ba, suka san abin da ke cikin kan ƙanena. Ko kuwa mutuwa ce ke da hanya ɗaya a ko'ina, ban sani ba.

"Yanzu zai nemi ruwa," in ji Idi. Yaron ya motsa leɓe. "Yana cewa, Idi, miƙo bidon ruwa. Idi, don Allah miƙo bido. Sanusi, kwanta, kada ka ɗaga kai, suna ganinka."

Wasu a baya suka yi 'yar dariya. Sun zaci salona ya ɗauka, na raɗa wa mutanen fim sunayen 'yan gari. Ni ma, Allah shi ne shaida, na ɗan lokaci haka na so in zata. Amma sai hanya ta rabu biyu. A cikin tele wani daga bayan katangar ya ja ciki ya fita, harsasai na tona ƙasa a gefensa, ya isa wurin yaron, ya ɗora kansa a cinya, ya ɗura masa ruwa. Idi yana kallon wannan da idonsa, amma ga abin da ya fito daga bakinsa:

"Ba wanda ya fita. Bidon na hannuna, cike yake. Ba wanda ya fita."

Fim ya wuce, aka koma wani gari, wasu manya na nuna taswira, wata mace na karanta takarda. Idi bai bi su ba. Yana nan bayan katangarsa, yana faɗin yadda rana ta hau, yadda ƙudaje suka zo, yadda muryar ta riƙa raguwa tana dawowa. Mutanen rumfa suka rasa inda za su sa ido, ko tele ko bayan kan Idi. A lokacin ne na lura da abin da ya ɓace. Taɓaryar Inna Hajo, wadda ke bugawa tun azahar, ta tsaya.

Nan ne wurin da nake so ku saurara da kyau, don nan ne laifina yake, in laifi ne. Wayar da ke kai sauti ga lasifikar bisa bedi tana bayan na'urar, kusa da gwiwata. Fizga ɗaya ta isa. Na kai hannu na kama ta, ina jin ɗuminta a yatsuna. Na san sarai wa ke zaune ƙarƙashin reshen nan. Kuma ban fizga ba. Idan na fizga, lasifikar za ta yi ƙara irin tata, Idi zai farga, zai ajiye mikro, ya koma gindin katanga, wataƙila har abada. Wata bakwai ina roƙon Allah in ji muryar nan, ga ta tana zuba. Na sa ƙanena a hannu ɗaya, tsohuwar nan a ɗaya hannun, na zaɓi nawa. Wannan shi ne abin da nake gaya wa kaina. Amma tunda na yi alkawarin gaskiya, akwai wani abu kuma. Shekara goma sha ina fassara, ban taɓa sa rumfa ta yi shiru irin wannan ba, ban taɓa jin fassara irin wannan ba, kuma wani ɓangare na zuciyata yana so ya ji ƙarshenta. Wanne ne ya riƙe hannuna, son ɗan'uwa ko kwaɗayin mai sana'a? Na juya wannan tambaya a gona, na juya ta a masallaci, ban samu amsa ba.

"Da la'asar aka ce mu ja baya," in ji Idi. "Na waiwaya. Ƙafarsa tana motsi."

Ya ajiye mikro a kan tebur a hankali. Ya juyo gare ni da fuska irin ta wanda ya tashi daga barcin rana.

"Yaya, ƙishirwa nake ji."

Na miƙa masa butar da nake jiƙa maƙogwaro da ita. Ya kafa kai a gaban mutum sama da ɗari ya shanye tas, ya tashi ya fita. Ba wanda ya bi shi, ba wanda ya nemi a ci gaba da fassara. Fim ya yi ta yi shi kaɗai har esansi ya ƙare a gurup.

Abin da ya biyo baya manyanku sun gani. Kafin magariba Lawali, ƙanen Sanusi, ya hau bedi da adda ya sare lasifikar, ya wurgo ta ƙofar rumfa. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ai fassara ce kawai, jinin Hamza ne, su ƙarya a bakinsu gado ce. Wasu suka ce mutum ba ya ƙirƙiro ƙudaje. Duk wanda ya tare ni sai in ce fim ne, fim ne, kun san yadda muke yi. Na faɗa har na fara shakkar kaina, na koma na kunna shi ni kaɗai ina neman inda maganar Idi ta rabu da hoton, sai in ga kamar nan ne, sai in ga kamar can ne. Na tambayi Idi kansa, washegari, yana gyara ƙotar hauya, abin da bai taɓa ba tun dawowarsa.

"Abin da ka faɗa jiya, fim ɗin kake fassarawa ko kuwa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Me na faɗa?"

Ban san ko da gaske bai tuna ba, ko so yake ya ji ko zan iya maimaitawa. Ban iya ba.

Bakinsa dai ya buɗe daga ranar. Ya ci, ya sha, ya yi noma damanar nan kamar mutum biyu. Amma garin ya rufe masa nasa bakin. In ya zo majalisa sai hira ta mutu. Waɗanda ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a rumfata su ne suka fi kowa sanin abin da ya kamata ya yi a bayan katangar nan. Da aka gama girbi ya kwashe iyalinsa ya koma Dogo-Dogo wurin dangin uwarmu, inda kuka san shi. Na samu muryar da na roƙa, amma sai na hau kabu-kabu kafin in ji ta. Rumfa kuma sau biyu na sake buɗe ta. Da aka harbe wani a tele na kai mikro baki, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na sayar da gurup, na koma gona.

Saura abu ɗaya, wanda ba wanda ya sani sai ni da Idi da uwarku, Allah ya jiƙanta. Kwana uku bayan ranar kasuwar nan, da hantsi, ina cikin rumfa ina naɗe wayoyi, sai na ji sallama. Inna Hajo ce tsaye a ƙofa, ta yafa mayafinta na zuwa gaisuwa. Tun da na kafa rumfar ba ta taɓa taka ta ba, mace mai shekarunta me zai kawo ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar kullum. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ajiye dala biyar a kan tebur.

"An ce mini fim ne. Kai ma an ce ka ce fim ne. To gani ya kori ji. Kunna mini."

"Inna, ba abin kallonki ba ne."

"Abin saurarena ne amma? Kunna."

Na ja gurup, na gyara mata benci na gaba, na kai fim ɗin daidai wurin. Na riga na shirya abin da zan yi. Da yaron ya faɗi zan saka masa kalmar shahada a baki, in ce ga abokansa nan za su yi masa salla, in ɗinke abin da ya yage. Ai aikina ke nan. Na ɗauki mikro.

"Ajiye wannan, Hamza. Na ji bakinka shekara da shekaru. Yau ido na kawo."

Na ajiye. Ta zauna a miƙe, hannuwanta bisa gwiwa, ta kalli yaron ya fito da gudu, ya faɗi, ya ɗaga rigarsa. Ba ta kau da kai ba.

"Wannan yaron, da gaske ya mutu?"

"A'a, Inna. Wasa ne. Yana can ƙasarsu da ransa, sana'arsa ce."

"To wa ya koya masa?"

Tambayar da ta hana ni sukuni ke nan, ga ta a bakin tsohuwar da ba ta taɓa ganin fim ba.

Hasken ƙofa ya ragu, na waiwaya. Idi ne tsaye, ashe ya ga shigarta ya biyo ta. Ita ba ta waiwaya ba, amma ta san ɗingishinsa. A tele abokin nan ya ja ciki ya fita, ya ɗora kan yaron a cinyarsa. Ta nuna shi da haɓa.

"Idi, wannan da ya riƙe kansa, kai ne?"

Na yi caraf na ce, "Shi ne, Inna, ai shi ne..."

"Ba ni ba ne, Inna," in ji Idi daga bayana. "Ban fita ba."

"An rufe shi?"

"Ban sani ba. Ƙarya na yi miki a zaure."

Na jira kuka, ko tsinuwa, ko ta ce ta yafe. Ko ɗaya bai zo ba. Idonta na kan yaron, wanda ke ta maimaita wata kalma guda, gajeriya, yana ƙara ja mata wutsiya. Ko ni da ba na jin yarensu ban buƙaci a fassara mini ita ba.

"Wancan ma ya yi haka?" ta tambaya.

Wancan, haka take ce masa. Sanusi ɗan farinta ne, kuma ita mutuniyar da ce, mai tsananin kunya. Tun haihuwarsa ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya kira ta a gaban mutane ba ta amsawa, sai dai ta ce wa wani yaro ya je ya ji abin da yake so.

"Ya yi," in ji Idi.

"Me ya ce?"

"Inna yake cewa."

"Har yaushe?"

"Har muka tafi."

Ta gyara mayafinta, ta juya a kan bencin. Ba tele ta fuskanta ba, ba Idi ba, zanar gabas ta fuskanta, inda rana ke shigowa ta 'yan ramuka.

"Na'am, Sanusi," ta ce. "Na'am. Ga ni."

Ta yi shiru kaɗan, kamar tana ba shi wuri ya sake kira, sannan ta sake amsawa. Ta yi ta yi haka, a hankali, kira ɗaya amsa ɗaya. Ni da Idi muna tsaye a bayanta, ba wanda ya san ko ya kamata a kashe tele.